Kakan Aro a Jarrabawar Kareti

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna suke kai ni kasuwa su dawo da ni ban nemi wurin zama ba, wata jikata ta shiga koyon kareti. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta muku, amma abin da idona ya gani yana nan.

'Yar ɗana ce, a gidanmu na Koki ta tashi. A gabana babu mai bakinta. Sai ta shigo ɗakina ta ɗauke mini goro, in na yi magana ta ce, "Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci?" Ni kuma in ce ta fitar mini da ƙafafun nan nata masu kama da sillen kara. Haka jika da kaka suke, babu kunya a tsakani. Amma ubanta na yin gyaran murya a zaure, sai ta zama wata. Gwiwa a ƙasa, ido a ƙasa, murya kamar ta sauro. Haka muka rene ta, mu ma haka aka rene mu.

A makarantarsu aka fara koya musu abin. Fararen kaya da ɗamara, kuma ba a canza maka launin ɗamarar sai ka ci jarrabawa. Ubanta bai so ba, ni na sa baki ya ƙyale. Kullum da la'asar tana tsakanin rijiya da igiyar shanya tana kai wa iska naushi, kajina suna neman maɓoya.

Ranar jarrabawarta ta farko ta dawo ko sallama babu, ta faɗa gadona tana kuka. Da ƙyar na ji bayani. Ashe ana so mutum ya tsaya gaban manyan malamai, ya dube su, in ya kai naushi ya saki ihu tun daga cikinsa.

"Kaka, babbansu dattijo ne, kansa fari fat. Ina ɗaga ido na gan shi, gwiwata ta nemi ƙasa da kanta. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Yaya zan yi wa babba ihu a fuska?"

Ubanta ya ji. Ya ce, "Na ba ki dama ɗaya. In kin sake faɗuwa, ki ninke kayan nan." Shi kuwa ba ya maimaita magana.

Da lokacin jarrabawa ta biyu ya matso, yarinya ta daina cin abinci. Na yi mata tofi, malaminsu ya koya mata yadda za ta ja numfashi ta sauke a hankali. Duk sun taimaka, amma da an ambaci dattijon nan sai fuskarta ta canza. Abin da ya fi damuna, gorona ya kwana ya wuni babu mai taɓa shi.

Wata safiya ina tankaɗe, tana zaune ta zuba tagumi, na ce, "Ke, dattijon nan sa'an ubanki ne ko sa'ana?"

"Ai ko ke zai girma."

"To wa ya ce miki uba ne? Mai furfura irin wannan kaka ne. Naki ya rasu ba ki yi wayon ja masa gemu ba. Ga shi Allah ya ba ki aro."

Ta dube ni, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata.

Na tashi na buɗe adaka, na ɗauko hular marigayi maigidana wadda ban taɓa bari kowa ya taɓa ba. Na kifa ta a kan ɗankwalina, na zauna a kujera na haɗe rai. Na ce, "Bismilla, ga mijin naki." Ku dubi tsohuwa da carbi a hannu da hular namiji a ka. Ihun da ta yi ranar, sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Na ce lafiya lau, karatu muke.

Ranar jarrabawa na ce da ni za a. Muka hau adaidaita, muka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi, hannunta a cikin nawa sanyi ƙalau.

Aka kira ta. Ta tsaya gaban teburin malaman, ta sunkuya irin gaisuwarsu. Daga inda nake cikin iyaye na ga gwiwarta ta fara lanƙwasa. Na damƙe carbina. Ta ja numfashi, ta ɗago, ta dubi dattijon. Sai na ga gefen bakinta ya motsa, irin motsin da yake yi in za ta sace mini goro. Nan na san an gama.

Ta kai naushi, ta saki murya. Dattijon sai da ya ƙifta ido.

Bayan an ɗaura mata sabuwar ɗamara na je na gaishe shi. Na ce, "Malam, a yi haƙuri, na ba da aronka kaka ba da saninka ba." Na kwashe labari na faɗa masa, ita kuwa tana bayana tana jan mayafina. Ya yi dariya har da share ido, ya ce, "Hajiya, ai na ji a kunnena. Amaryar tawa akwai murya."

A gida ta durƙusa gaban ubanta, ido a ƙasa kamar kullum, ta miƙa masa ɗamarar. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka." Bai sake maganar ninke kaya ba.

Abin da na gane shi ne, tsoron nan nata ladabi ne da bai san inda zai tsaya ba. Ban cire mata shi ba, wuri kawai na nuna masa.

Yanzu tana can wani gari da iyalinta, tana koya wa 'yan mata. Tsakar gidan ya yi shiru, kaji suna kiwonsu lafiya, ni ce ban saba ba. Hular tana adaka. Ta zo ganina ne, kuma ita ke rubuta muku wannan. Ta ce a cire wurin kukan, na ce ba za a cire ba. Ga ta nan ta zuba mini ido, ɗaya hannun yana cikin gorona.