Bakan da Maigida Ya Bari

Tun da Maigida ya rasu ban iya zama wuri ɗaya. Yanzu ma da nake faɗa ana rubutawa, na tashi na leƙa gindin randa na dawo. In kuka ya zo mini sai a jira ni.

Mu mutanen ƙasar Tahoua ne. Shi ɗan gidan maharba ne, kuma a gidansu namiji ba ya barin duniya sai ya sassaƙa baka da hannunsa ya bar wa ɗansa na fari. Aikin ma'adinai ya kawo shi Arlit yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a nan, ko zomo bai harba ba. Sai da ya bar aiki, tari ya zaunar da shi, sannan abin ya taso masa. Ya roƙi wani direban babbar mota ɗan garinmu ya zo masa da sandunan dargaza daga gida.

Da suka iso sai ya yi yadda ya ga ubansa na yi. Ya ɓare bawon, ya jera su a kan rumfa su sha iska. Can gida haka ake yi, itace ya bushe a hankali. Amma nan Arlit ce, inda kafin ki gama shanya zane na biyu na farko ya bushe ƙarau. Ba a jima ba ya kira ni.

"Ke, zo ki ga abin da garin nan ya yi mini."

Sandunan sun dare tun daga baki, har ana iya sa farce.

Na ce, "Garin ne ko kai? Leɓenka ma tsagewa yake yi a nan, balle itace."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ɗaya ce ta yi saura, ita ma da 'yar tsaga kusa da inda hannu ke riƙewa. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce tsagar da ta bi tsawon itace ana ɗaure ta, wadda ta ratsa gefe kuwa sai murhu. Wannan kuwa tsawo ta bi. Na shafe bakunanta biyu da man shanu, na kwantar da ita a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, don nan kaɗai ke da laima a gidan. Kullum da hantsi ya ɗauko ta ya kankare da wuƙa da fasasshiyar kwalba. In ya gama sai ya ɗiga gawayi a ƙarshen tsagar. Washegari mu tarar ta wuce gawayin kaɗan. Ba ya cin abinci sai ya duba. Ni ma na koma haka.

Daga baya ya aike ni wurin mahauci na karɓo wutsiyar sa, aka zare fatar ɗungurungum kamar safa. Ya narka ƙaro ya ɗura a tsagar. Sauran a zura ɗanyar fatar a kai, in ta bushe ta matse itacen. Lokacin hannunsa ya fara rawa, don haka shi ya riƙe, ni na ja.

"Ja mana, tsohuwa, ba kitso kike yi ba."

"In ka ƙara magana na sakar maka."

Na ja har ta hau. Ya ce kada kowa ya tanƙwara bakan sai fatar ta kama sosai. Ya murza tsirkiya ya rataye. Bai ga bushewar fatar ba. Wayyo Allah, bai gani ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne fatar ta rufe tsagar. Ba gawayin da zan ɗiga. Ta tsaya ne, ko tana tafiya a ciki? Duk takabata haka na yi ta, ana gaisuwa ina tashi, in ƙwanƙwasa da farce, in kara kunne. Mata suna cewa in zauna. Ina zama?

Da na fita takaba ɗanmu na fari ya zo daga Tchirozérine, inda yake aikin wutar lantarki. Na miƙa masa bakan da tsirkiyar.

"Inna, a bar shi haka in rataye a bango. In ya karye fa?"

"In ya karye mun sani. Ubanka baka ya ce zai bar maka, ba sanda ba."

Sai ya kafa baki ɗaya a ƙasa, ya sa gwiwa, ya danna. Itacen ya yi ƙara, na kama bango. Tsirkiya ta hau. Ya ɗaga ya ja, ya ƙara ja, fatar ko motsi. Ya saki, ta yi kuka siriri. Nan ya zauna a ƙasa, babban mutum da shi, na zauna kusa da shi muka yi ta kuka.

Ya tafi da shi, don nasa ne. Na ce kada ya rataye shi kusa da kwanon rufi, ya riƙa shafa masa mai. Gurbinsa na nan a yashin gindin randa, ban share ba. Dakata mini, in je in yayyafa ruwa.