Faifan da Na Bi Har Tsafe

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da ranar da na bi wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba har Tsafe.

Ina da shagon buga takardu a Sabon Garin Gusau, da wata kwamfutar tebur da na saya ta hannu. Abokai kullum cikin tsiya suke, wai in kai ta gidan tarihi. Ban taɓa kula su ba. Duk kaka, idan aka sayar da waken gonarmu ta Rawayya, sai in yi mata gata: bana ƙarin ram, baɗi sabuwar fanka, wata shekarar allo mai faɗi. Ta binne sababbi da yawa a layinmu, kuma har gobe ina taƙama da ita.

Shekarar da Baba ya rasu na sauya mata faifan ajiya. Al'adar masu gyara ce, in an sa sabo, tsohon ya zama nasu, su yi maka ragi. Na ce wa mai gyaran ya kwashe min takardun shago kawai, na bar masa tsohon ina jin kaina gwani.

Bayan mako biyu sai maƙwabcin gonarmu, aminin Baba, ya ce tsamiyar bakin iyaka da ƙasar da ke gefenta nasa ne. Mai gari ya sa Juma'a a zauna. Na bugi ƙirji a gaban ƙannena, don na taɓa ɗaukar Baba a bidiyo yana zaga gonar yana nuna iyaka da sandarsa. Na kunna kwamfuta, wayam. Bidiyon yana cikin tsohon faifan. Na garzaya wurin mai gyaran.

"Wani malamin makaranta na Tsahe ya saye shi," in ji mai gyara. "In ya goge, sai haƙuri."

Na kama hanyar Tsafe, na samu malamin a zaurensa, muka gaisa a gurguje.

"Malam, kun riga kun sa faifan nan?"

"Da wace wutar? Tun da na saye shi ba su kawo ba. Ga shi can a leda yadda anka ba ni."

Ban taɓa sa wa masu ɗauke wuta albarka ba sai ranar. Na yi masa alkawarin wani faifan, ya miƙo min nawa.

Na mayar da tsohon faifan cikin kwamfutar, ranar Juma'a na ɗora ta da ƙaramin janareta a mota har ƙofar mai gari. Sai ga Baba a allo, yana tari, yana cewa, "Daga wanga gamba har tsamiya namu ne. Amma 'ya'yan tsamiyar na aminina ne, kada wanda ya hana shi."

Maƙwabcin namu ya rufe fuska da hannun riga. Da ƙyar ya ce, "Haka munka yi da shi. Ni na manta, shi bai manta ba." Ni ma na kasa riƙe hawayena.

Kwamfutar tana nan tana aiki, bidiyon kuma yanzu wuri uku na adana shi. Abin da na koya shi ne, gyara tsohon abu ba laifi ba ne, amma kafin ka cire wani sashe ka ba da shi, tsaya ka duba abin da yake riƙe maka. Ni muryar ubana na kusa bayarwa a kan ɗan ragi.