Sharhin Jan Biro a Kan Littafin Yayanta

Ɗalibai ne suka sa mata Jan Biro, tun shekarar da ta fara koyar da adabi a sakandare, don littafin yaro ba ya fita daga hannunta sai ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Sunan ya bi ta har gida. Mijinta, mai shagon gyaran firji, da shi yake kiranta in yana jin tsokana. A gidansu ne kawai ba a san wannan suna ba. Can ita ce Auta, ko da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Ba muguwa ba ce. Abu guda ne ke tayar mata da hawan jini a duniya, wato mutum ya buɗe baki a kan littafin da bai karanta ba. Wannan ciwon ne ya kai ta ofishin wata jaridar mako-mako. Ta ga an yabi wani littafi a shafin baya, an ce marubucin ya yi namijin ƙoƙari, sai ta saya ta karanta. Jarumin da mai sharhin ya ce ya yi aure a ƙarshe, ashe tun a tsakiyar labari aka binne shi. Ta hau bene ta dire littafin a teburin Edita, wani gajeren mutum da kullum wayarsa ke maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Yallaɓai, gawa kuka aurar," in ji ta.

Edita ya saurare ta da rabin kunne, ya ce, "To, Malama, ke ki rubuta mana mana."

Haka ta gaji shafin baya, ita da tallan katifa da sanarwar ɓatan takardu.

Shekaru ta yi tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa sa biro a kan littafi ba sai ta kai bangon ƙarshe. Takan karanta a ɗakin malamai, ƙarƙashin fankar da ke kuka ba ta ba da iska. Takan karanta a layin asibiti, da a kicin tana jiran ruwa ya tafasa. In ta gama, sai ta tambayi kanta abin da mai littafin ya so yi, da inda ya kai, da inda ƙafarsa ta zame. In ta ce wuri ya yi daɗi, sai ta ɗauko jimla daga ciki ta ajiye, mai karatu ya ɗanɗana da bakinsa. Ƙarshen labari kuwa ba ta taɓa tona wa kowa ba, ko da na banza ne.

Marubuta dai ba abin da suke zuwa nema ke nan ba. Kowa ya zo da littafinsa sai ya ce, "Malama, ki faɗi gaskiya, kada ki ji kunyata." In ta faɗa, gaisuwa ta yanke. Akwai wanda ya yi fushi don ta yabi littafinsa a sakin layi biyu kacal. Akwai wadda ta bugo waya tana kuka, wai an ce labarinta yana da saurin karantawa, ita kuwa ta sha wahala wajen rubuta shi.

Duk wannan wasan yara ne a kan ranar da Yaya ya yi sallama da kwali a ka.

Yaya shi ne babban wansu. Injiniya ne a ma'aikatar ruwa har ya yi ritaya, kuma shi ya riƙe karatunta bayan rasuwar mahaifinsu, abin da bai taɓa gori a kai ba, bai kuma taɓa bari a manta ba. Ya sauke kwalin a tsakar falo, ya zaro littafi mai kaurin bulo. Hotonsa ne a bangon gaba, da hular kwano, yana nuna wani abu da ba a gani. A bangon baya ma shi ne.

"Tarihin rayuwata ne. Ki duba ki rubuta a shafin nan naki. Gaskiya nake so, Auta."

Da ya tafi, mijinta ya ɗaga littafin ya auna a hannu, ya ce, "Wannan ai ya fi injin firji nauyi. Ki ce idonki na ciwo."

"Har yaushe?"

"Har ya manta."

"Yaya ne zai manta?"

Ta karanta. Wayyo, ta karanta! Babi bayan babi na tarurruka: wanda ya buɗe taro, wanda ya rufe, wanda ya zauna a dama da shugaba. Jawabin da Yaya ya yi a wajen buɗe wata rijiyar burtsatse yana ciki ɗungurungum, har da inda aka tafa. Kowane shugaba da ya yi aiki a ƙarƙashinsa haziƙi ne, kowane mataimaki mai biyayya ne. Sau da yawa barci ya sace ta, littafin ya faɗo mata a ƙirji ta farka a firgice.

Can wajen ƙarshe sai ta ci karo da wani ɗan babi. Wata rana babban bututu ya fashe, aka haƙa rami, ƙasa ta rufto wa wani lebura har ƙirji. Yaya ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, da fararen kayansa, ya riƙe hannun mutumin ana ta haƙa. Don kada tsoro ya kashe shi kafin ƙasa, sai ya dinga tambayarsa sunayen 'ya'yansa, in ya gama ya ce ya sake. A nan babu haziƙi, babu mai girma. Jimlolin gajeru ne, kamar na mai haki. Ta kai inda leburan ya ce, "Oga, ka matse ni da yawa, hannun ma ina so," sai ta ji hawaye ya ɗigo a takarda. Ita da suka tashi ɗaki ɗaya ba ta taɓa jin labarin nan daga bakinsa ba.

Ta zauna ta rubuta sharhin da ya fi kowanne ba ta wuya. Ta faɗi abin da littafin yake, ta ce tarurrukan sun yi yawa, jawaban sun danne mutumin da ya yi su. Sa'annan a sakin layi na ƙarshe, mafi tsawo, ta ce akwai babi guda da ya isa a sayi littafin dominsa, ta kawo maganar leburan, ta ce wanda ya iya rubuta wannan marubuci ne na gaske.

Ranar da jarida ta fito, a ɗakin malamai ta buɗe shafin baya. Sharhin ya tsaya cak a kan "sun danne mutumin da ya yi su". Ƙarƙashinsa katifa ce, ƙatuwa, da wani mutum kwance a kai yana murmushi.

Ko jaka ba ta ɗauka ba, ta nufi ofishin jaridar.

"Yallaɓai, ina ƙarshen rubutuna?"

Edita ya rufe bakin waya da tafin hannu. "Masu katifa ne suka ƙara girman tallansu. Daga ƙasa muke yankewa, Malama, kin sani."

"Ka karanta abin da ka yanke?"

"Ina na ga lokaci? Ai ma haka ya fi zafi. Mutane na son zafi."

"Yayana ne fa!"

"Ah!" Ya sauke wayar gaba ɗaya, idonsa ya yi haske. "Yayanki? Ai da kin faɗa da mun sa a kanun labari."

Ta dube shi, ta dubi tulin jaridun da ke bayansa, ta ga babu wanda ya kai nauyin da take so ta jefe shi da shi. Da ƙyar ya yarda zai buga ragowar a mako mai zuwa.

Mako guda kuwa a dangi shekara ne. Kafin yamma Mama ta aiko a kira ta. Tsohuwar na zaune a bakin gado, jaridar na kan cinyarta a juye, don ba ta karatu, an dai karanta mata har da ƙari.

"Auta, me yayanki ya yi miki?"

"Mama, ba shi na taɓa ba, littafin ne."

"Littafin wa?"

"Nasa."

"To!" Mama ta tafa hannu. "Ki doki rigar mutum yana ciki, ki ce riga kika doka? In bai yi daɗi ba, ba sai ki yi shiru ba? Ni abinci nawa na ci a gidan surukai na ce madalla?"

Ta yi bayanin katifa. Mama ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa katifa da rashin kunya ba.

Ta je gidan Yaya. Yana zaune a baranda tsakanin kwalayen littafinsa, ya amsa gaisuwarta kamar ta mai karɓar haraji. Ta ce an yanke rubutun, ta ce yabon na nan tafe. Ya ce ba ya bukata, shi da manyan mutane suka rubuta wa gabatarwa. Duk da haka da ta miƙe za ta tafi, ya tambaya yana kallon titi, "Wane wurin kika yaba?"

"Babin rami."

Ya juyo da sauri. "Babin rami? Duk littafin nan? Ai saura kaɗan in cire shi! Babu komai a ciki, labarin lebura ne kawai, ni ina kwance a taɓo. Jawabina na rijiya fa?"

"Yaya, jawabin ya yi tsawo."

"An tafa!"

"Na gani, ka rubuta."

A hanya ita kaɗai take magana, har mai sayar da lemo ya bi ta da kallo. Ta rantse ta bar sharhi, ta bar shafin baya, kowa ya rubuta abin da ya ga dama ya yabi kansa. Da ta isa gida ta maimaita, mijinta ya ce wannan rantsuwar ya ji ta ta fi a ƙirga, ya miƙa mata shayi.

Ragowar ta fito a ƙananan haruffa, a wani lungu, ƙarƙashin kalmar "Cigaba". Ba ta zaci kowa zai gani ba. Sai ga shi tsofaffin ma'aikatan ruwa sun fara bugo wa Yaya waya, kowa yana tuna inda yake tsaye ranar ramin. 'Yar leburan, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta zo har gida ta sayi kwafi, ta roƙi Yaya ya karanta mata wurin da bakinsa. Matar Yaya ta ce bai iya kaiwa ƙarshe ba, sai da ya shiga ɗaki ya wanke fuska.

Jan Biro ta ɗauka yanzu zai kira ta. Bai kira ba. A gidan Mama suka haɗu, dangi cike da falo, ta ji shi yana faɗa wa wani ƙanin mahaifinsu, "Ai tun ina rubutawa na san babin nan shi ne zuciyar littafin. Da gangan na ajiye shi can ƙarshe."

Ta buɗe baki. Mama ta harare ta daga kan kujera. Ta rufe.

Ba a yi wata guda ba aka yi sallama a ƙofarta da hantsi. Yaya ne, tare da wani dattijo mai sanda, tsohon abokin aikinsa daga sashen mitar ruwa. Direba na biye da su, yana nishi ƙarƙashin kwali.

"Ga ta nan, ƙanwata ce," in ji Yaya, yana nuna ta da alfahari. "Hannunta da nauyi, amma tana karantawa har ƙarshe. Juzu'i biyu ne nasa, Auta."

Dattijon ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya ce, "'Yata, gaskiya nake so."

Daga cikin ɗaki ta ji mijinta ya ƙware da shayi. Ta matsa gefe, ta nuna wa direba inda zai ajiye.