Mashmalo a kaskon turaren Baba

Jama'a, yau ina jin na ƙona aikin da nake nema da hannuna!

Na sayo mashmalo a unguwar Shisha, alewar nan mai laushi da ake gasawa. Wanda ba jelatin, sinadarin nan na dabba, na zaɓa, na tsirrai zalla, don kada Umma ta yi shakka. Bayan la'asar Ammi Bashir ya zo, abokin Baba da ya ce zai duba mini aiki. Baba ya ce in hura gawayi a kasko, in kawo turare.

Garwashi ya yi ja. Na ce bari in gwada ɗaya kawai a tsinke. Ashe irin wannan narkewa yake! Ya zube cikin wutar. Baba na kira, "Yalla, Usman!" Na ɗora itacen turaren oud a kai, na ce wataƙila ƙamshi ya rufe.

Ammi ya karɓi kasko, ya kai ƙarƙashin gemu, ya lulluɓe da shimag, mayafin kansa, kamar yadda aka saba. Sai baƙin hayaki! Ya hau tari. Majalisi, falon baƙi, ya cika da ƙaurin sukari.

Baba ya ce, "Wannan wane oud ne?"

Na ce, "Kamar… akwai alewa a ciki. Amma halal ce, na karanta a jikin ledar."

Ammi ya share hawaye yana dariya. "Alhamdulillah, ya waladi, ɗana, gemuna ya ƙone da halal!"

Ya ce in same shi ofis gobe. Amma a bakin ƙofa, a gaban maƙwabta, ya ɗaga murya: "Sai goben, Abu Halawa!" Wato Baban Alewa.