Shunin Ƙarshe da Mahaifina Ya Haɗa

Mahaifina ya rasu kwana uku bayan ya haɗa shuni da toka a rijiyarsa ta rini. Zazzaɓi ne, bai daɗe a kwance ba. Na yi shekaru ina yi masa aiki a karofin ƙauyenmu, gabas da Bakori, ina motsa ruwa, ina shanya zane, amma ban taɓa rina wa kowa kaya da sunana ba.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki goro na je wurin sarkin karofi, dattijon da ke ba da izini ga duk mai son fara sana'ar. Ya karɓa, ya yi wa mamaci addu'a.

"Hannunka mun san shi, ɗana," in ji shi. "Dattawa biyu za su shaida ka iya, wannan ba wuya. Amma rijiyar gado ce. Sai alƙali ya raba, ya ce taka ce."

"Baba, shunin ya kusa nuna."

"Na ga kumfarsa. Ka riƙa motsawa kada ya mutu, wannan tsare dukiyar magada ne. Amma ko zare ɗaya kada ka tsoma."

Garin da alƙali yake tafiyar wuni ce a ƙafa. Da na je, ya saurare ni da kyau, ya tambayi magada. Na ce uwata, da ƙannena mata biyu, da yayana wanda ya bi fatake Gwanja tun bara. Ya ce ba a raba haƙƙin wanda ba ya nan sai da wakili. Ƙanin mahaifinmu ne ya dace, shi kuwa yana Gozaki yana yankan dawa. Ya aiko cewa sai ya kai amfaninsa rumbu. Da ya zo, aka nemi shaidar cewa mahaifina ne ya haƙa rijiyar, ba aro aka ba shi ba. Tsohon da ya ga haƙar yana fama da kurkunu a ƙafa, sai da na ari jaki na ɗauko shi. Sau uku na yi wannan hanya. Ban ga laifin kowa ba, kowa abin da shari'a ta ce ya faɗa.

Safe da yamma ina bakin rijiya da sandar motsawa. In ba na nan, maƙwabcinmu a karofi, abokin wasana, yakan motsa mini.

"Mai miya ya iso," yakan ce. "Yau ma babu tuwon?"

Wata rana wata mata daga ƙauyen Maguzawa ta kawo farin zanen saƙi, ta ce wurin mahaifina take kawowa tun tana amarya. A lokacin shunin yana kan ganiyarsa, kumfa ta yi ja-ja a sama.

"Tsoma, malam," maƙwabcin ya ce a hankali. "Ni makaho ne yau."

Na riƙe zanen na ɗan lokaci. Na tuna yayana yana da rabo a cikin ruwan nan, bai ma san mahaifinmu ya rasu ba. Na miƙa wa maƙwabcin, shi ya rina mata.

Da aka raba, gonar mahaifinmu ta faɗa wa yayana da uwata da ƙannena, rijiya ta zama tawa. Sarkin karofi ya zo da dattawan biyu, aka yi fatiha, ya ba ni farin ƙyalle ya ce in fara. Na tsoma, na matse, na ɗaga wa iska. Muka tsaya muna jiran ya juya daga kore zuwa baƙi. Bai juya ba. Ya bushe a hannuna kamar an wanke shi da ruwan toka.

Dattijon ya leƙa rijiyar, ya shinshina.

"Shunin ya gaji," ya ce. "Kwashe, ka haɗa naka."

Kwana biyu na yi ina kwasa da ƙwarya, ina zubarwa bayan karofi. Ban bar kowa ya taya ni ba.