Illa Mai Jirgin Magani

Tun kafin 'yan kabu-kabu su cika titunan Tawa da ƙara, Illa ya riga ya buɗe rumfar kwanon da ke bayan ɗakin ajiyar magunguna. Da batura yake farawa, ya taɓa kowanne da bayan hannu ko ya ji zafi. Sai ya goge fukafukan jirgin da tsumma, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki.

Jirgin ƙarami ne, marar matuƙi, bai fi tabarmar salla faɗi ba. A cikinsa ake saka magani ko jini, ya tashi ya kai wa ƙananan ɗakunan shan magani na karkara. Illa kuwa yana zaune gaban allo yana bin sa da ido har ya dawo.

Da can a kan babur yake kai wannan saƙo, shekara da shekaru, cikin duwatsun Adar, har gwiwa ta ce ta gaji. Da wata ƙungiya ta kawo jirgin tana neman wanda zai koya, Illa ya miƙa hannu da furfurarsa. Abokansa na tasha suka yi ta yi masa tsiya. Ya ce musu, "Ku bari dai, babur ne ya yi fiffike."

Kai ne ka koma ɗalibi bayan ka aurar da 'ya'ya, Illa, ba ka ji kunyar tambaya ba.

Daminar bara Rahinatu, mai jinya a wani ƙauye ta wajen Tebaram, ta kira shi da la'asar. Kububuwa ta sari wani manomi, Abdurazak, yana noman gero. Maganin dafi ya ƙare mata, ƙorama kuma ta cika ta yanke hanya.

"Baba Illa, ga hadari ya taso. Zai iya?"

"Riƙe min shi da rai, 'yata. Ga shi nan tahe."

Ya tayar da jirgin. Ya kusa isa ke nan iska ta taso ta yi ta jifa da shi, batir yana zuba kamar ruwa a kwando. Illa ya ga in ya nace sai ya kai shi cikin gari, jirgi da magani duka za su faɗa ƙorama. Ya daure ya tsallakar da shi ruwan, ya sauke shi a kan wani fako nesa da gari, ya kira Rahinatu ya kwatanta mata wurin. Ita kuwa ba ta iya barin maras lafiya.

Wani makiyayi ne da ya kawo matarsa awo ya ji abin da ake ciki. Ya haye raƙuminsa ya nufi fakon. Mutanen garin har yau suna ba da labarin yadda ya dawo a sukwane cikin yayyafi, rungume da jirgin gaba ɗaya, don bai san inda ake buɗe shi ba.

Abdurazak ya tashi. Bayan girbi ya zo Tawa da mahaifiyarsa, Inna Raƙiya, riƙe da zabi biyu. Tsohuwa ta zagaya jirgin, ta ƙare masa kallo, ta gyara zane.

"To, ɗana, aza ni ciki in koma gida. Motar nan ta karya min ƙugu."

Illa ya yi dariya har da hawaye. "Inna, wannan ɗan ƙarami ne. An ce ana ƙera babbansa mai ɗaukar mutane. Ranar da ya iso Tawa, ke ce ta farko."

"Ka yi shaida," ta ce wa ɗanta.

Bana Illa ya fara miƙa aikin ga wasu mata biyu da ya koyar, ya ce ido ya soma gajiya da allo. Kai ne garkuwar na nesa, Illa, ka kai saƙo a ƙasa, ka kai a sama, ba ka taɓa cewa gobe ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da ke ganin mun tsufa da koyon sabon abu, mu leƙa rumfar nan mu ga mai furfura yana tuƙa jirgi.