Ɗigon Jan Farce a Gindin Kofi

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da sufeto ya zo rufe mini ajin Faransanci. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna kukan yara ba sa gane adabi, ku matso ku ji.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, mu kuma muna ƙarƙashin Kaduna. An tura ni wata makarantar 'yan mata ta kwana a yankin Ƙanƙara, ni kaɗai ce malamar Faransanci. Na iya harshen ne saboda mahaifina fatauci yake yi zuwa Maraɗi, a can na yi firamare, bayan na gama kwalejin malamai kuma gwamnati ta tura ni kwas ƙasar Faransa. A can wata farfesa ta koya mana nazarin adabinsu na zamani. Ta nuna mana cewa marubutansu na yanzu sun rage faɗin abin da ke zuciyar mutum, sai dai su tsayar da kai gaban kujerarsa da agogonsa da takalminsa, su bar ka ka gano da kanka. Na dawo gida ina hura hanci, sai ka ce ni na ƙirƙiro ilimin.

'Yan aji huɗu ne suka sauke mini girman kai. Ɗan littafin da muke karantawa labarin matar wani mai kanti ne, 'yar ƙauye da mijinta ya yi arziki. Marubucin ya ɓata shafi uku cur yana bayyana kabad ɗin falonta: farantan tangaran masu bakin zinariya jere-jere, ko takardar kanti ba a ɓamɓare daga gindinsu ba, da kofunan gilashi, sai can ƙasa ta hannun dama, a bayan komai, wani tsohon kwanon ƙasa da cikinsa duk kartar cokali ne. Bai ce matar tana murna ba, bai ce tana baƙin ciki ba. Yaran suka ɗauka jerin kalmomi ne aka ba su, suka haddace tsaf. Binta, wata 'yar Faskari mai bakin tsiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wanga marubuci dillali ne? Mun ga kaya, to ina labarin?" Na kwaso manyan kalmomin farfesata na zuba musu, suka zuba mini ido. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma su na ɗora wa laifi.

Ana haka sai Hajiya, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis. Ta ce ma'aikatar ilimi za ta cire Faransanci daga duk makarantar da ba a ga amfaninsa ba, a sa koyon tafireta, don ofisoshi da kamfanoni sun yi yawa, masu buga takarda ake nema. Ga wanda bai san tsarin ba, sufeto yakan zauna a bayan aji, ya duba tsarin darasi, ya yi wa yara tambayoyi, ya rubuta rahoto. Abin da ya rubuta kuwa shi ma'aikata ke bi, ba a ɗaukaka ƙara.

"Malama, ki aje littahin tarkacen nan," in ji Hajiya. "Ki sa su haddace nahawu, shi masu duba aiki suke so."

Na ce to, amma a baki kawai.

Asabar ɗin da ta biyo baya, metiron ɗinmu, wato mai kula da ɗakunan kwanan yara, ta aurar da ɗiyarta ga wani ɗan kwangila a cikin gari, muka tafi ganin ɗaki. Jere ne na zamanin: langa da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, ga gadon ƙarfe, ga rediyo an lulluɓe da kyalle. Ni ina ta ma sha Allah, sai na ga wata tsohuwa ta ɗauko langa ɗaya ta juya gindinta. Akwai ɗigon jan farce guda biyu.

"Wagga ta aro ce," ta raɗa wa ta kusa da ita. "Shaidar gidan gwaggon amarya ce. Ashe sun shirya da uwar."

Kun san kowane gida yakan yi wa kwanoninsa shaida da jan farce ko fenti don kada su ɓace a biki. Ɗayar kuma ta nuna wata ƙwarya mai ɗinki da aka ɗora can saman jeren, ta ce ta kakar amarya ce, uwar ta sa ta nan don kada kuɗin miji ya mantar da yarinya inda ta fito. Kafin mu sha kunu sun karanta tarihin gidan kakaf, babu wanda ya faɗa musu ko kalma. Na tsaya baki buɗe. Abin da na haye teku na koyo, ga shi ana yi a Ƙanƙara tun kafin a haife ni, kuma yarana a cikinsa suka tashi.

Ran Litinin na shiga aji na ce, "Ku rufe ƙamus. Kabad ɗin nan ɗakin amarya ne, ku kuma 'yan ganin ɗaki." Wallahi sai da malamin aji na kusa ya leƙo don hayaniya.

Sufeton ya zo cikin makon. Dattijo ne mai farin gilashi, a Dakar ya yi karatu, kuma an ce ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Muka fara da nahawu yadda Hajiya ta so, yaran suka yi ba yabo ba fallasa. Na ga alƙalaminsa yana ta tafiya. Can ya miƙe, ya ɗauki littafin daga teburina, ya buɗe daidai shafin kabad.

"Malama, wannan ko a jami'a yana ba ɗalibai wuya," ya ce da ni. "Me ya kawo shi nan?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya tambayi ajin da Faransanci dalilin da ya sa marubuci zai ɓata shafi uku a kan kwanoni. Hajiya tana bakin ƙofa tana hararata, irin ta ai na faɗa miki.

Sai Rakiya ta miƙe, wata 'yar Damari da sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Ta fara da Faransanci yana ɗingishi, ya ce ta ƙarasa da Hausa in ya ƙi.

"Ranka shi daɗe, farantan nan na gani ne, ba na ci ba, tunda takardar kanti na nan a gindinsu. Kwanon ƙasa shi ɗai ke da kartar cokali, kuma an aje shi inda hannu zai kai ba sai an taka kujera ba. In mijin ya tahi kanti, a cikinshi take ci. Matar nan baƙuwa ce a gidanta."

Binta ba ta ko nemi izini ba. "A'a, kunyarshi take ji! In tana son shi, mi ya sa ta tura shi baya?"

Sufeto ya ce, "Kowacce ta kawo hujja daga shafin."

Suka duƙufa. Binta ta samo layin da aka ce matar takan rufe ƙofar ƙasa ta kabad in baƙi sun zo, ta karanta shi da ƙarfi. Rakiya ta samo inda aka ce ƙura ta kwanta a kan gilasai, amma da aka zo kan kwanon ba a ambaci ƙura ba. Aji ya rabu biyu. Wata 'yar Sabuwa ta ce ai duka biyun gaskiya ne, mutum yakan so abu kuma ya ji kunyarsa. Sufeto ya jawo benci ya zauna a tsakiyarsu. Aka buga ƙararrawa, ya yi alama da hannu a ci gaba.

"Malamarku ce ta sa kuka haddace wannan?" ya tambaya.

"Ranka shi daɗe, Malama ma ba ta lura da ƙurar ba," in ji Binta.

Gaskiya ta faɗa, ja'irar. Ya ce to a ina suka koya, ta kwashe bayanin jere da kayan aro da shaidar jan farce ta zayyana masa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce shi ɗa namiji ne, bai taɓa sanin ana karanta ɗaki ba.

Bayan an tashi muka tafi ofishin Hajiya. Aka kawo shayi a wasu kofunan tangaran masu fure da ban taɓa gani a makarantar ba. Ya sha, ni kuwa ina jiran jin zancen rahoto. Da ya shanye, sai ya juya kofin ya duba gindinsa. Ga ɗigon jan farce nan ɓaro-ɓaro.

"Hajiya," ya ce, "ashe ni babban baƙo ne, har aro aka yi mini."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma ya fashe da dariya, muka ga haƙoran da aka ce babu. Sannan ya dube ni ya ce, "Yau na koyi wannan a ajinki, Malama. Ajin da ya koyar da sufeto, ba da hannuna za a rufe shi ba."

Daɗin da na ji ranar, ko ranar da aka ba ni takardar zuwa Faransa ban ji irinsa ba. Na tafi ɗakin kwanan yara na faɗa musu, suka rangaɗa guɗa har metiron ta fito da bulala. An kawo tafireta daga baya, amma wani ɗaki aka ba ta, nawa ajin yana nan har na bar makarantar.

Don haka ku daina cewa yara ba su san komai ba. Babu yarinyar da ke zuwa makaranta da kai wayam, da karatun gidansu take zuwa. Aikinmu mu gano wanda ta riga ta iya, mu ɗora namu a kai. Ni sai da na je ɗakin amarya na gane haka. Har yau kuwa, in aka ba ni shayi a gidan mutane, da ƙyar nake hana hannuna juya kofin.